Alhaji Zai Fito Takarar Shugaban Ƙasa

Teburin mai shayi ne a bakin ƙofar Kongo a Zariya, bayan isha'i.

Alhaji: Barista matso kusa, jama'a sun matsa min sai na fito takarar shugaban ƙasa, me ake buƙata?

Mai Shayi: Wace jama'a? Ni kaɗai na san ina matsa maka, kuma a kan kuɗin indomi ne.

Barista (ɗan aji uku ne a fannin shari'a, amma ko a gida haka ake kiransa): Sashe na 131 na kundin tsarin mulki ya kawo sharuɗɗa Alhaji. Haifaffen ɗan Najeriya, shekara 35 tunda an rage daga 40 a 2018, jam'iyya ta tsayar da kai, sai takardar sakandare ko makamanciyarta.

Alhaji: Shekaru kam ina da su har kala uku, na NIN daban na BVN daban na fasfon aikin hajji daban, su zaɓi wanda ya yi musu.

Barista: Wallahi irin wannan ne ya kayar da David Lyon, zaɓaɓɓen gwamnan Bayelsa, a 2020, gobe rantsuwa yau Kotun Ƙoli ta cire shi, kuma ba ma shi ya yi laifin ba, sunayen da ke takardun mataimakinsa ne suka ƙi zama ɗaya. Ina satifiket ɗinka?

Alhaji: Gara ta cinye.

Mai Shayi: Garar nan ta Zazzau akwai son boko, ta bar takardun filayensa na Samaru lafiya lau ta nufi satifiket.

Bakano: Kai Zage-zagi! Kullum kuna cika baki garin ilimi, ga ABU ga Barewa ga Alhudahuda, ashe gara ce ke zuwa ajin.

Mai Shayi: Kai yi mana shiru, wa ya kawo mana digirin bogi na Toronto a 1999 har da kuka a majalisa, Salisu Buhari ɗan Tudun Jukun ne?

Bakano: Zuba min shayi kawai.

Alhaji: To yanzu INEC za ta je makarantarmu bincike kenan? Don hedimastan ya rasu, makarantar ma an mayar da ita shaguna.

Barista: Ba inda za ta je. Fom EC9 za ka cike ka yi rantsuwa cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne, su karɓa su manna a bango kowa ya gani, shikenan aikinsu, masu binciken na gaskiya su ne abokan hamayyarka da lauyoyinsu. Ka manta Buhari a 2015 da ya ce takardunsa suna wajen sojoji aka yi ta cece-kuce har WAEC ta kai masa shaida a 2018? Atiku kuwa har kotun Amurka ya je a 2023 a kan takardar Tinubu ta jami'ar Chicago State, da ya dawo Kotun Ƙoli ta ce kwana 180 na shari'ar sun wuce ba ta karɓar sabuwar hujja.

Alhaji: Au, ashe maganar lokaci ce. To wa ke da ikon kai ni ƙara?

Barista: A dokar zaɓe ta 2022, kafin zaɓe sai wanda kuka kara da shi a fidda gwani, a Babbar Kotun Tarayya, cikin kwana 14 da kundin tsarin mulki ya tanada.

Alhaji: Alhamdulillahi! Sai na sayi fom ni kaɗai, kwana 14 ɗin nan kuma na tafi umara na kashe waya.

Barista: A dokar ta 2022, bayan zaɓe wanda ka kayar zai iya tayar da maganar ai.

Alhaji: Ɗan nan, sai na ci tukuna ko? Ni da ko a akwatin layinmu uwargida ta ce ba ta yanke shawara ba.

Mai Shayi: Barista, nawa ne fom ɗin jam'iyyar tasu? Zan shiga fidda gwanin, ba kujerar nake so ba, ƙarar nake so.