Gobarar Salonika da waƙar da ta riƙe sunan unguwa

Shekarun baya wuta ta tashi a kasuwar da kawuna yake da rumfa. Kafin a kira sallar asuba layinsu gaba ɗaya ya koma toka. Muka je jaje, kowa na faɗin Allah ya mayar da alheri, shi kuwa yana zaune a kan benci yana jujjuya makullan rumfar a hannu. Wutar bai daɗe yana maganarta ba, ya ce ƙaddara ce. Abin da ya kwantar da shi ya zo ne daga baya, lokacin da aka sake gina layin da bulo da kwano mai sheƙi, aka yanka wa kowane shago kuɗin da shi da maƙwabtansa ba su taɓa riƙewa ba. Masu hali suka shige. Kawu ya ƙare da tebur a bakin titi har Allah ya karɓi abinsa.

Shi ya sa labarin Salonika ya tsaya mini a rai tun ranar da na fara bin sa, kuma yau nake so mu yi maganarsa.

Salonika, ko Tasalonika, birni ne na bakin teku a arewacin ƙasar Girka, shi ne na biyu bayan Atina. Turkawan Daular Usmaniyya sun ci shi a 1430, suka riƙe shi har 1912. A 1492, da sarakunan Sifaniya suka kori Yahudawa daga ƙasarsu bayan faɗuwar Andalus, Sarkin Musulmi na Istanbul, Bayazid na Biyu, ya buɗe musu ƙofa, da yawansu suka sauka a wannan gari. Suka yi ɗaruruwan shekaru suna magana da tsohon Sifaniyancin da suka taho da shi, wanda ake kira Ladino. Kuma kada wani ya ɗauka attajirai ne duka. Akasarinsu 'yan dako ne a tashar jiragen ruwa, da masunta, da masaƙa, da ma'aikatan kamfanin taba. Yawansu ya kai a ce ranar Asabar tashar kan tsaya cak, babu lodi babu sauke kaya. Gefensu ga Musulmi da masallatansu, ga Girkawa Kiristoci. Mustafa Kamal Ataturk ma, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, a garin aka haife shi.

Ranar Asabar 18 ga Agusta 1917, bayan azahar, ana girki a wani ɗan gidan 'yan gudun hijira a unguwar Mevlane, tartsatsi ya faɗa kan tarin ciyawa. Iyakar abin ke nan. Amma an daɗe ba a ga ruwan sama ba, gidajen na katako ne manne da juna, lungunan kuma matsattsu, ga iskar arewa da suke kira Vardar tana kaɗawa. Ruwan da za a kashe wutar ma ya yi ƙaranci, domin Yaƙin Duniya na Ɗaya ake yi, kuma dubban ɗaruruwan sojojin Faransa da Ingila da ƙawayensu sun yi sansani kewaye da garin suna jan ruwan. Cikin sojojin nan har da 'yan Afirka ta Yamma da Faransa ta kwaso, waɗanda ake kira 'yan Senegal ko daga wace ƙasa aka ɗebo su. Wutar ta yi awa 32 tana ci, ta gangaro daga tudu har bakin ruwa. Gidaje kusan 9,500 suka ƙone. Mutum sama da 70,000 suka wayi gari babu matsuguni, kusan 52,000 daga cikinsu Yahudawa, sauran Musulmi da Kiristoci. Wuraren ibadar Yahudawa sama da talatin suka tafi, da masallatai, da babbar majami'ar Kiristoci ta Dimitiriyos.

Daga nan ne abin ya koma irin na kawuna.

Gwamnatin Firayim Ministan Girka Venizelos ta hana kowa ya sake ɗora tubali a filinsa. Aka ɗauko wani Bafaranshe masanin tsara birane, Ernest Hébrard, ya zana sabon gari mai faffaɗan tituna da filaye. Aka karɓe filayen da suka ƙone, aka miƙa wa masu su takardun shaida, sannan aka yi gwanjon sababbin fulotai. Mutumin da yake kwana a tanti da 'ya'ya shida ba zai iya jiran gwanjo ba. Sai ya sayar da takardarsa da araha ya sayi burodi. Masu kuɗi suka tattara takardun suka mallaki tsakiyar gari, talakawa aka watsa su unguwannin bayan gari. Dandalin Aristotle da masu yawon buɗe ido suke ɗaukar hoto a cikinsa yau, a kan wannan toka yake zaune.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan ƙi gaskiyarsu ba. Tsohon garin yana da ƙazanta, kwalara ta sha shiga, ko a 1890 an yi wata babbar gobara. Babu mai hankalin da zai ce a mayar da lungunan katako yadda suke. Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wuta ce ta shafe tsohuwar Salonika. Wuta ta cinye katako. Alƙalami ne ya yanke wa zai dawo da wanda ba zai dawo ba, kuma masu riƙe da alƙalamin suna son garin da ya shigo hannunsu shekara biyar kacal ya yi kama da Girka, ya daina kama da Turkiyya. Abin da ya biyo baya ya nuna haka. A 1923 aka yi musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya, Musulmin garin aka loda su a jiragen ruwa, Kiristocin yankin Anatoliya na Turkiyya suka maye gurbinsu. Hasumiyoyin masallatai aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka rushe, sai guda ɗaya tak da ta rage a jikin Rotunda, wani tsohon ginin Rumawa. Masallacin Hamza Bey har gidan silima ya zama.

To a ina tsohon garin ya tsira? A bakin mawaƙa.

Akwai waƙar Ladino da aka yi a kan gobarar. Mai waƙar da mahaifiyarsa yake magana. Ya faɗi ranar, ya faɗi ƙarfe nawa ne, ya ambaci unguwar da wutar ta fito da inda ta je ta tsaya kusa da Farar Hasumiya ta bakin teku, ya ce mai kuɗi da talaka duk sun zama ɗaya a fili. Ranar da na fara saurarenta da fassarar a gabana sai da na dakata na sake maimaitawa. Taswirar Hébrard ta goge sunan unguwar, waƙar ta ajiye shi. Mu da muka taso muna jin tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe da shekarun yunwa a bakin makaɗa da tsofaffin mata masu daka, bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Amma mu ma mun fara raina shi, muna ganin sai abin da aka buga wa hatimi ne tarihi.

Waƙoƙin yaƙi kuma iri biyu ne a wurina. Akwai ta zuga soja. A Oktoban 1940 da Italiya ta auka wa Girka, muryar Sofia Vembo, wadda ta fara waƙa a Salonika, ita ce ta riƙa rakiyar samari zuwa duwatsun Albaniya, kuma har yau ana saka waƙoƙinta duk 28 ga Oktoba. Tana da amfaninta, ban raina ta ba. Amma wadda ta fi kama ni ita ce ta waɗanda aka bari a gida. A can birnin Cork na Ailan, shi ma na bakin ruwa, matan sojojin da Ingila ta tura Salonika sun yi wata waƙa, mace tana tambaya ko mijinta yana raye ko ya mutu. Macen da ba ta taɓa ganin garin ba, sunansa ya zauna a bakinta saboda can aka kai uban 'ya'yanta, inda zazzaɓin cizon sauro yake kayar da sojoji kamar harsashi.

'Yan gudun hijirar 1923 su ma sun zo da nasu kiɗan, na talakawan tashar jirgi da 'yan gidan yari, wanda ake kira rebetiko. Manya suna ƙyamarsa saboda yana ƙanshin Turkiyya, gwamnatin kama-karya ta Metaxas ta sa masa takunkumi bayan 1936. Bayan Jamusawa sun shiga garin a Afrilun 1941, mawaƙin rebetiko Vassilis Tsitsanis ya zauna a Salonika yana riƙe da wani ɗan gidan shaye-shaye, kuma a shekarun yunwar nan ya tsara da yawa daga waƙoƙin da Girkawa suke rerawa yau da hawaye. Kiɗan da aka ce na 'yan iska ne, shi ya ɗauko zafin mamayar ya kawo wa jikoki.

Ƙarshen Yahudawan garin yana da nauyin faɗa. A Disamban 1942 aka fara rushe maƙabartarsu mai dubban ɗaruruwan kaburbura, aka kwashe duwatsun aka yi gini da daɓen hanya da su. Jami'ar Aristotle tana kan filin yanzu. Ranar 15 ga Maris 1943 jirgin ƙasa na farko ya tashi zuwa Auschwitz, sansanin kisa na Jamusawan Nazi, daga unguwar Baron Hirsch, unguwar talakawa da ke jikin tashar jirgin. Mutum sama da 45,000 aka kwashe cikin 'yan watanni, waɗanda suka dawo ba su kai 2,000 ba. Na san zukatanmu cike suke da abin da ake yi wa Falasɗinawa, nawa ma haka. Amma ɗan dakon Salonika da kakanninsa suka zauna ƙarƙashin amanar Musulmi shekara ɗari huɗu, aka cusa shi da jaririnsa a taragon shanu, zalunci aka yi masa, kuma addininmu bai koya mana mu tambayi wanda aka zalunta ƙabilarsa kafin mu ji tausayinsa ba. Ko a sansanin sun yi waƙa da Ladino, a kan kwanakin da suka yi a kulle cikin taragon. Waɗanda suka tsira suka fito da ita a ka.

Kawuna babu wanda ya yi wa layinsu waƙa. Kwanaki na tambayi ɗansa sunayen mutanen da suke jere da rumfar, ya iya kawo uku, na huɗun ya ce yana ganin fuskarsa amma sunan ya ɓace masa. Makullan suna nan a cikin wani gwangwanin madara a ɗakin gwaggo.