Kafin ka sayi akwatin sulallan poker, ɗaga shi tukuna

Duk wanda ya ɗan zauna a Amurka ya taɓa ganin akwatin nan mai launin azurfa, ko a kanti ko a gidan maƙwabci, mai kama da jakar takardun 'yan kasuwa. In aka buɗe, sai ka ga sulallan roba jere reras, fari da ja da kore da baƙi, da karta fakiti biyu a gefe. Kayan poker ke nan, wato wasan karta na caca da ake sa sulallan a madadin kuɗi. Ra'ayina a kansu a bayyane yake: sulallan suna iya yin shekaru ana morarsu, amma akwatin da suke zuwa a ciki shi ne mafi raunin abin da mutum ya biya kuɗinsa, kuma bai kamata a amince masa da nauyin da aka ɗora masa ba.

Na san tambayar da za ta fara zuwa wa mai karatu, wato me ya haɗa Bahaushe Musulmi da kayan caca. Caca haramun ce, ba na yin ta, ba na kuma zama inda ake yin ta. Sai dai sulallan nan sun daɗe da fitowa daga gidajen caca sun shiga wasu hidimomi. Akwai malaman firamare da ke koyar da ƙirga da su, kuma masu wasannin allo da yawa suna sa su a madadin kuɗin takarda da ke yagewa. A gidana, a nan Greensboro ta jihar North Carolina, da su muke wasan Monopoly da yara, wato wasan allo na saye da sayar da gidaje. Kowa ana raba masa dala 1,500 ta wasa kamar yadda ƙa'ida ta ce, farin sule yana tsayawa a matsayin dala ɗaya, ja dala biyar, kore dala ashirin da biyar, baƙi dala ɗari, kuma ta haka ƙaramarsu ta iya ba da canji tun kafin a koya mata a aji. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ajiye su a gida ba yana da hujjarsa, kuma ba zan ja da shi ba. Maganata da waɗanda suke da su ne, ko suke shirin saye.

Yana da kyau a san yadda akwatunan nan suka cika kasuwa. Gasar poker ta duniya an fara ta ne a 1970 a gidan cacar Binion's Horseshoe da ke Las Vegas, kuma ta daɗe tana harkar ƙwararru. A 2003 wani akanta daga jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker ya samu gurbin shiga ta hanyar wasa a intanet, ya lashe babbar gasar da dala miliyan biyu da rabi, aka yi ta nunawa a talabijin. Daga nan kowane gida ya so teburinsa. Masana'antu, galibi a Sin, suka shiga ƙera saiti mai sulalla 300 da mai 500 a farashi mai rahusa, kuma da aka zo rage kuɗin ƙira, a kan akwatin aka rage, domin sulallan ne mai saye yake taɓawa yana jin daɗin nauyinsu.

To nauyin nan shi ne tushen matsalar. Sulen gidan caca na ainihi faɗinsa milimita 39 ne, nauyinsa kuma bai cika wuce giram 10 ba. Na saitin gida kuwa roba ce aka tusa wa ƙarfe a ciki, shi ya sa za ka ga an rubuta giram 11.5 ko giram 14 a jikin kwali, ana tallata shi kamar nauyin ne alamar inganci. Yi lissafi da kanka. Sulalla 500 masu giram 11.5 sun kai kilo 5.75. In masu giram 14 ne, kilo 7 cif. Wanda ya sayi dubu ɗaya daga cikin masu nauyin yana ɗauke da kilo 14 a hannu ɗaya. Akwatin da ake ce wa na alminiyam kuwa, in ka leƙa cikinsa da kyau, yawanci siririn falle ne aka manna a kan katakon garin itace, alminiyam ɗin na gaske a gefuna kawai yake. Mariƙinsa 'yan ƙananan ƙusoshi ne suka riƙe shi a jikin wannan falle, haka ma ƙarafunan da suka haɗa murfi da gangar jiki. Maɗauransa biyu na gaba kuma da ɗan yatsa ake ɓalle su. Ranar da ɗaya ya saki a kan matakala, sulalla ɗari biyar za su watse, kuma masu gefen da ke fashewa ba za su koma yadda suke ba.

Abin da ke damuna shi ne, mu mun iya sayen akwati. Wanda aka taɓa kai shi makarantar kwana a gida ya san yadda iyaye ke zaɓen akwatin ƙarfe a kasuwa. Sai an buɗe an rufe sau da yawa, an ja hannuwan gefe da ƙarfi, an duba inda aka yi walda, an gwada ko kwado zai shiga, wani uban ma sai ya zauna a kai ya ga ko murfin zai lotsa. Fenti da zanen fure su ne na ƙarshe da ake kallo. Amma da muka zo nan sai muka koma saye daga hoto a waya, inda ƙyalli kaɗai ake gani. Wataƙila kuma don wasanninmu ba su saba mana da ajiya ba ne. Dara gida 30 ne a haƙa a ƙasa, wannan ya karyo kara 12, wancan ya tsinto tsakuwa 12, in an tashi kowa ya kakkaɓe rigarsa ya tafi. Karta a ɗaure da roba a jefa a aljihu. Ludo a jingine shi a bango. Wasan da kayansa suka kai kilo bakwai baƙo ne a wurinmu, sai a yi masa irin binciken da ake yi wa kaya masu nauyi.

Akwatin katako yana da kyan gani, musamman wanda aka shimfiɗa wa yadi mai laushi a ciki, kuma in kayan a kan kanta za su zauna ba a yawo da su, babu laifi. Amma shi kansa yana da nauyi, kuma damshin bazarar wannan yanki yana sa katako ya kumbura har murfi ya ƙi rufuwa daidai. Akwai tsohon yayi, mazubi zagayayye mai juyawa da ke ɗaukar sulalla 200 ko 300. Wannan na kan tebur ne kawai, ƙura na shiga, in aka karkata shi kuma komai ya zube. Jakar yadi mai zif ta fi na alminiyam aminci wajen ɗauka, tunda maɗaurinta yakan zagaye ta gaba ɗaya, sai dai ba ta kare kaya daga bugu.

Abin da nake ganin ya fi, kuma shi nake amfani da shi, shi ne a raba aikin gida biyu: tire daban, akwati daban. Gidajen caca a tiren roba suke jera sulallansu, kowane tire na ɗaukar 100, layi biyar, kowane layi 20. Amfaninsa a gida a fili yake. Kallo ɗaya za ka san ko ɗaya ya ɓata, abin da layin hamsin-hamsin na akwatin alminiyam ba ya nunawa, kuma tire guda za ka zaro ka ajiye a tebur maimakon jawo akwatin gaba ɗaya. Amma a yi hattara da awo. Sulalla sun bambanta a kauri, saboda haka tiren da aka yi wa na gidan caca yana iya ƙin ɗaukar 20 na roba masu ƙarfe a ciki, ko kuma ya yi wa wasu yawa su riƙa kaɗawa suna gogar juna. Masu faɗin milimita 43 kuwa ba za su zauna a tiren 39 ba sam. Jera naka guda 20, auna tsawonsu da abin awo, sannan ka nemi tiren da ya dace.

Sai akwatin da za a zuba tirorin. A nan na fi son irin waɗanda ba don poker aka yi su ba, wato akwatunan roba mai tauri da masu ɗaukar hoto da masu kayan aiki ke amfani da su. Pelican na Amurka da Nanuk na Kanada su ne sanannu, akwai kuma Apache da kantunan Harbor Freight ke sayarwa, wanda ya fi su sauƙin kuɗi. Mariƙinsu a jikin gangar aka ƙera mazauninsa, sanda ce ta ratsa ta riƙe murfi, akwai roba a bakin murfin da ke hana ruwa da ƙura shiga, akwai kuma huda ta sa kwado na gaske. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ke da yara masu rarrafe, domin 'yan ƙananan ɗiyan ludo da makamantansu da ake haɗawa a ciki suna iya shiga baki. Soson da ke ciki an riga an tsattsaga shi ƙananan murabba'i, sai ka ciccire daidai girman tirorinka su zauna daram. Wani zai ce akwatin ya kusa kai kuɗin sulallan, ko ma ya fi. Gaskiya ne, in saitin mai araha ne. Amma sau ɗaya ake sayensa, kuma ranar da yara suka girma suka bar wasan, zai ɗauki kyamara ko takardun gida.

Ga mai sulalla dubu, shawarata kada ya haɗa su a akwati ɗaya sai in mai taya ne. Biyu masu ɗari biyar-biyar sun fi sauƙi ga baya da kafaɗa. Kada kuma a bar su a but ɗin mota ko a gareji lokacin zafi, domin takardar da aka manna a tsakiyar sulen takan fara ɗagowa, roba mai arha kuma takan lanƙwashe. In kana cikin kanti kuma akwatin alminiyam ɗin ne kaɗai a gabanka, roƙi mai kanti ya bar ka ka ɗaga wanda yake cike, ka riƙe shi minti guda kana kallon inda mariƙin ya haɗu da jiki. In ka ga fallen yana ɗagowa tare da ƙusoshin, sayi sulallan in kana so, amma ka rungumo akwatin da hannu biyu har mota, in kun isa gida ka kwashe su, ka bar masa karta da takardar rubuta maki.