Dokar Awaab ta fara aiki, amma wa zai tsaya wa ɗan haya a kotu?

Tun 2017 mahaifin Awaab Ishak yake kai ƙorafi kan fumfuna da danshin da suka cinye bangon gidansu a Rochdale, Ingila, aka ce masa ya shafa fenti a kai. A Disamba 2020 yaron ya rasu yana ɗan shekara biyu, ciwon numfashi. Iyayensa daga Sudan suka je, gidan kuma na Rochdale Boroughwide Housing ne, irin gidajen nan masu sauƙin haya da ake ba masu ƙaramin ƙarfi.

Sai a 2022, da aka zauna binciken mutuwar, barista Christian Weaver ya tsaya wa iyalin, sannan duniya ta ji abin da suka yi shekaru suna faɗa ba mai sauraro. Wallahi wannan ne ke ci min rai, sai da yaro ya mutu kafin maganarsu ta yi nauyi.

Yanzu an yi Dokar Awaab, ta fara aiki Oktoba 2025, ta tilasta wa masu gidajen su binciki danshi su gyara cikin ƙayyadadden lokaci. Madalla. To amma in sun ƙi fa? Ɗan haya ne zai kai su kotu, su kuwa suna da lauyoyinsu a shirye, shi ko kuɗin wuta da ƙyar yake biya balle kuɗin barista, kuma tun da wata doka mai suna LASPO ta fara aiki a 2013 aka datse tallafin lauya na gwamnati, ƙarar rashin gyara ba ta samun tallafin sai in an nuna lafiya ko rai na cikin babban haɗari. Lauyoyi da yawa sun bar harkar gidaje saboda ba ta biya, wasu yankunan ko ɗaya babu.

Wasu za su ce ai akwai lauyan da ke jira a kotu kyauta ranar shari'ar korar ɗan haya. Akwai, kuma yana taimakawa, amma mutum ne da zai ga takardunka a ƴan mintuna a baranda kafin a kira ku. Fumfunar shekara uku ba a bayaninta a tsaye.

Ya kamata gwamnatin Birtaniya ta mayar da ƙarar gyaran gida cikin tallafin lauya gaba ɗaya, tun daga wasiƙar farko, ta kuma ƙara kuɗin da take biyan lauyoyin don su dawo.