Wai "ai na kiwo ne", kiwon ina?

Jama'a yau dai sai na amayar da abin da ke cina tun ranar Asabar. Mun fita cin abinci da abokan aiki wani gidan abincin 'yan Japan a nan Bristol, aka kawo wani gasasshen kifi a kan shinkafa da miya mai zaƙi-zaƙi, unagi suke ce masa, na ce ni kam ba zan ci ba. Ba ma maganar giyar shinkafar da suke zubawa a miyar nake ba, wannan daban. Na ce kifin nan ƙarewa yake yi a duniya. Sai wata daga cikinmu ta yi dariya ta ce haba, ai na kiwo ne, ba daga kogi aka kamo shi ba, ci abinka. Wlh wannan kalma ta "na kiwo ne" ita ta hana ni sakat, don ita ce ƙaryar da ta fi kowace cin kasuwa a kan kifin nan, kuma masu faɗinta da yawa ba su ma san ƙarya ba ce.

Kafin wani ya ce gaiwa nake nufi, a'a. Gaiwa tamu ce, mai shigewa cikin laka ta jira damina. Wannan kuwa babu shi a kogunanmu, ba Neja ba Binuwai ba Tafkin Chadi, Turawan Ingila eel suke ce masa, dogo ne sumul ga santsi, in ka gan shi cikin ciyawa da dare za ka rantse maciji ne. Ni kifin maciji nake kiransa, mu tafi a haka.

To ku ji yadda rayuwarsa take, don a nan duk maganar take. Duk wani kifin maciji da ke kogunan Turai da Arewacin Afirka, daga Norway har Maroko da bakin Bahar Rum, a wuri ɗaya ake haifarsa, wani yanki na tekun Atlantika da ake kira Sargasso, can kusa da Bamuda. Yana ƙyanƙyashewa kamar ɗan ganye siriri, igiyar ruwa ta ɗauko shi tafiyar kilomita sama da 5,000, ya yi shekara biyu ko kusa da haka yana hanya, in ya iso bakin Turai ya zama kamar silin taliya, garau kamar gilas, ba abin da kake gani sai ɗigon idanu biyu baƙaƙe. Daga nan ya haura koguna, ya zauna a tabki ko fadama shekara 10, 15, wani har 20 yana girma, sai wata rana da kaka jikinsa ya canza, cikinsa ya koma launin azurfa, idanunsa su ƙara girma, ya daina cin abinci kwata-kwata, ya juya ya nufi inda aka haife shi. Ya yi ƙwai sau ɗaya, ya mutu. Sau ɗaya tak a rayuwarsa. Ikon Allah kenan.

Kuma abin ya daɗe yana wahalar da masana. Aristotle, masanin Girka na zamanin da, cewa ya yi daga laka yake fitowa, don ya duba bai ga ƙwai ba. Sigmund Freud ɗin nan na ilimin halayyar ɗan Adam, yana ɗalibi a 1876 ya zauna a birnin Trieste ya feɗe kusan guda 400 yana neman marainan namiji, bai samu abin da ya gamsar da shi ba. Sai wani ɗan Denmark, Johannes Schmidt, ya yi kusan shekara 20 yana yawo a teku yana auna 'ya'yan, duk inda ya ga sun fi ƙanƙanta sai ya ƙara matsawa can, har ya kai Sargasso ya bayyana sakamakonsa a farkon shekarun 1920. A 2022 ne ma aka fitar da binciken da aka maƙala wa manya na'ura daga tsibiran Azores aka bi sawunsu har can. Amma har yau ba wanda ya taɓa ganin suna barbara a wurin da idonsa.

Yanzu ku dawo kan maganar kiwo. Mu da muka san kiwon tarwaɗa a gida mun san yadda ake yi, a yi wa uwa allura, a matse ƙwai, a haɗa da na namiji, kwana ɗaya biyu ka ga 'ya'ya sun cika baho, ka sayar wa masu kududdufi. Wannan shi ne kiwo, ba ka taɓa kogi ba. Kifin maciji fa ba haka ba ne. 'Yan Japan da suka fi kowa naci sun samu nasarar hayayyafa nasu nau'in a ɗakin bincike a 2010, amma tsadar abin ta sa har yanzu bai zama na kasuwa sosai ba. Saboda haka abin da ake kira gonar kifin maciji, a Sin ne ko Japan ko Holan, gidan turka ne kawai. A kwaso jarirai daga bakin kogi, a zuba a tanki, a ɗura musu abinci su yi ƙiba, a yanka. Wanda ke kan farantinka an tare shi ne a hanya tun bai san inda ya dosa ba, kuma ba zai taɓa komawa inda aka haife shi ya haihu ba. Kamar mutum ne ya riƙa kwashe 'yan maruƙa daga garke yana turkawa yana sayarwa, bai taɓa barin ko karsana ɗaya ta haihu ba, sannan ya riƙa ce maka shi makiyayi ne.

Na taɓa zuwa bakin kogin Severn wajen Gloucester da dare a watan Maris, wani maƙwabcina ya ja ni, sanyi kamar me. Mutane ne jefi-jefi a bakin gaɓa da fitila, kowa da wata ƙatuwar koma mai mariƙi, suna jiran ruwan teku ya turo. Wani dattijo ya nuna min bokitinsa, abin ya ba ni mamaki ya kuma ba ni tausayi, dubban rayuka suna motsi kamar an jiƙa taliya, don a kilo ɗaya ana samun wajen 3,000. A da can abincin talaka ne a yankin, a soya da ƙwai a ci, in ya yi yawa har aladu ake ba, har gasar cinsa ake yi a ƙauyen Frampton. A Ingila ta da kuwa da manyan ake biyan kuɗin haya da haraji, yana nan a rubuce cikin kundin ƙidayar 1086. Yau a Sifaniya, inda suke ce wa jariran angulas, kilo ɗaya kan kai Yuro 1,000 a lokacin Kirsimeti, har sai da suka ƙirƙiro na jabu da niƙaƙƙen naman wani kifi, talaka ya ci ya rage zafi.

Dalili? Tun daga wajen 1980 adadin jariran da ke isowa Turai ya faɗi da sama da kashi 90 cikin 100. A 2008 aka saka shi a jerin halittun da ke dab da ƙarewa, matakin da daga shi sai a ce babu shi a daji. Yarjejeniyar CITES ta sa ido kan cinikin halittun da ke cikin haɗari tsakanin ƙasashe ta fara aiki a kansa a 2009, Tarayyar Turai ta hana fitar da shi waje a ƙarshen 2010. To kun san halin ɗan Adam, ana hanawa farashi ya tashi, 'yan fasa-ƙwauri suka shigo. A zuba su a leda da ɗan ruwa da iska, a sa ƙanƙara, a jera a akwatin tafiya kamar kayan sawa, a hau jirgi zuwa Asiya. 'Yan sandan Tarayyar Turai, Europol, sun taɓa ƙiyasta cewa wajen tan 100 ake fitarwa a ɓoye a shekara. Ku lissafa da 3,000 a kowane kilo ku gani. A jihar Maine ta Amurka ma, inda ake kama nasu nau'in da lasisi, an yi shekarun da laba ɗaya ta wuce Dala 2,000.

Amma fa kar a ɗora wa dattijon nan mai koma laifin duka, nan ne nake rabuwa da wasu 'yan rajin kare muhalli. Wani bincike na 2020 ya ƙirga shingaye aƙalla miliyan 1.2 a kogunan Turai, dam-dam da ƙananan madatsai da ƙofofin ruwa. Jariri ya sha tafiyar shekara biyu ya iso ya tarar da bangon siminti. Wanda ya samu ya haura ya girma, ranar komawa injin wutar lantarki na dam ya daddatsa shi. Ga fadamun da aka busar aka yi gona da gidaje, ga gubar masana'antu da ke taruwa a kitsensa, ga wata tsutsa da ta shigo daga Asiya a shekarun 1980 ta hanyar cinikin kifin, tana lalata jakar iskar da yake buƙata don doguwar tafiyar. Wanda ya san abin da dam ɗin Tiga da Challawa suka yi wa fadamar Haɗeja da Nguru ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sai dai shi masunci ana ganinsa da fitilarsa, kamfanin lantarki kuwa yana da lauyoyi.

Masuntan suna da hujjarsu, na kuma saurara. Suna cewa wani kaso na abin da suke kamawa ana kai shi a zuba a saman madatsai da tabkunan da ba zai iya kaiwa da kansa ba, kamar Lough Neagh na Ireland ta Arewa inda iyalai suka gaji sana'ar kaka da kakanni, kuma in aka kore su daga bakin kogi ɓarayi ne za su maye gurbinsu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ni dai inda na tsaya, kama jariri don a ɗaga shi a tsallakar da shi dam, na yarda, a ma biya masuntan su yi wannan aikin, kuɗin kuma ya fito daga aljihun masu dam ɗin. Amma kama shi don faranti, a daina. Masana kimiyyar teku na ICES da ke ba gwamnatocin Turai shawara tun 2021 suke cewa kamun ya koma sifili, ministoci na ta jan ƙafa ana rage lokacin kamun wata ɗaya nan wata biyu can, kifin da sai ya shekara 15 kafin ya haihu ana masa lissafin zaɓe mai zuwa.

Ita abokiyar aikin tawa na yi mata duk wannan bayanin a teburin, har shinkafata ta huce. Ta yi shiru, ta kira mai kawo abincin ta tambaye shi daga ina kifin yake. Ya shiga ciki ya dawo ya ce a jikin kwalin an rubuta na kiwo ne, daga Sin. Ta ce to 'ya'yan fa, daga ina? Ya ce wannan kam ba a rubuta ba.