Wanda ya zo na ɗaya ya tashi a na 11: wannan wace irin doka ce?

Jiya Lahadi, 28 ga Yuli, 2024, yaron da na girme wa nesa ba kusa ba ya ci mutuncina a gaban jama'a, kuma dokar injin gasar tseren motoci ta Formula 1 ce ta ba shi bakin magana.

Mu 'yan tsiraru ne masu kallon tseren motoci a unguwarmu. Kowa ya san halin wuta, kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a 2023, don haka karo-karo muke yi mu biya mai gidan kallo ya tayar mana da janareta. Ranar Asabar mun biya, mun kalli zagayen neman gurbi na Spa a Beljiyam, inda gudun kowa ke nuna layin da zai tashi a tseren Lahadi. Hanya a jiƙe, Max Verstappen ya ba kowa rata fiye da rabin daƙiƙa. Amma Charles Leclerc aka ba gurbin farko, shi kuma Verstappen aka mayar da shi na 11, don an sa wa motarsa inji na biyar alhali huɗu doka ta yarda da su a shekara.

Jiya kafin ƙarfe biyu na isa da kuɗinmu a hannu. Na yi sallama. Bai ɗago daga wayarsa ba.

"Malam, yau babu mota," in ji shi.

Na ce, "Haba ƙanena, ai mun yi magana da kai tun jiya."

Sai a lokacin ya dube ni, daga hula har takalmi. "Naka da ya ci jiya, a ina zai tashi yau?"

Na ce na 11.

"Ya yi maguɗi ne?"

Na ce a'a.

"Ya buge wani?"

Na ce a'a, inji aka sake masa.

Ya juya wajen samarin da ke kan benci yana ɗaga murya don kowa ya ji: "Kun ji fa! Ya ci, an ce bai ci ba. A kan wannan shirmen zan ƙona mai? Baba, ɗauki kuɗinka, ka je gareji ka kalli inji kyauta." Ya ajiye kuɗin a kan benci, ko miƙo min bai yi ba. Aka kwashe da dariya. Na sunkuya na ɗauka.

Rashin kunyarsa ta ƙona min rai, kuma alƙawarin da ya karya yana wuyansa. Amma abin da ya hana ni barci shi ne ba ni da amsar da zan ba shi. Shekara da shekaru muna kare wannan doka a gaban masu yi mana dariya, alhali ba yadda za a kare ta.

Tun da aka shigo da injinan haɗin fetur da lantarki a 2014, an yanka injin gunduwa-gunduwa: uwar injin, turbo, MGU-K da MGU-H (na'urorin da ke tara lantarki), batir, na'urar sarrafa lantarki, kowanne da ƙa'idarsa. A kakar 2024 tsere 24 ne, amma batir biyu kacal aka yarda wa direba. Ka wuce ƙa'ida karon farko, a mayar da kai baya gurbi 10. In ka sake, gurbi 5. Wai don a rage kashe kuɗi. To wa ya ƙera injin? Direba ne? Mutum ya sa ransa a gudun da ya haura kilomita 300 a awa, ya yi abin da ba wanda ya iya, sannan a hukunta shi kan ƙarfen da aka ƙera a wata masana'anta.

A 2015, a Spa ɗin nan, an yanke wa Alonso da Button na McLaren hukuncin gurbi 105 su biyu. Motocin duka 20 ne! A Monza a 2022 direbobi tara ne ke ɗauke da hukunci, aka gama neman gurbi aka shafe sa'o'i ba a san wa zai tashi a ina ba, har Pierre Gasly ya shiga intanet yana tambayar jama'a gurbinsa. A Saudiyya a 2023, tsere na biyu kawai a shekarar, Leclerc ya zo na biyu ya tashi a na 12.

Wanda har yau in na tuna jinina ke tafasa shi ne na Las Vegas a Nuwamban 2023. Carlos Sainz na atisaye, murfin bututun ruwa da ke kan titi ya ɓalle ya farfasa ƙasan motarsa ta Ferrari, har da batir. Titin ba nasa ba ne, murfin ba shi ya ɗaura ba, da ƙyar ya tsira da lafiyarsa. Aka sa sabon batir, aka yanke masa gurbi 10. Alƙalan da kansu sun ce da doka ta ba su dama da sun ɗaga masa ƙafa. Ya zo na biyu, ya tashi a na 12. Tamkar ka faɗa kwatamin da hukuma ta bari a buɗe ne, ka karye, a biyo ka asibiti da takardar tara. Wannan zalunci ne, ba shi da wani suna.

Kuma masu ƙarfi dokar ba ta cizon su yadda take cizon na ƙasa. Suna zaɓar inda za su karɓi hukuncin, inda wuce mota ke da sauƙi. Verstappen ya tashi a na 14 a Spa a 2022 ya ci, ya tashi a na 6 a 2023 ya sake ci. Wanda motarsa ba ta da gudu kuwa, in an jefa shi baya, ya tafi ke nan.

Hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta duniya ta san duk wannan. Kamfanin Liberty Media da ya sayi harkar a 2017 ya san duk wannan. Kullum ƙara yawan tsere suke don kuɗi, Miami, Las Vegas, Ƙatar, Jidda, amma injin da zai ɗauki nauyin su a ce a yi maleji da shi. Mu na Afirka kuwa ko a lissafi ba ma ciki: rabon nahiyar nan da tsere tun Kyalami ta Afirka ta Kudu a 1993. Ga gwamnatin da ta kasa ba mu wutar sa'a biyu a jere, har sai magidanci ya je yana roƙon yaro ya tayar masa da janareta. Ga jama'ar da duk abin da ba ƙwallo ba ne a wajenta hauka ne, kuma furfura ta daina hana a yi maka tsawa.

In kamfani ya wuce ƙa'idar inji, a zaftare makin kamfanin, a ci shi tara mai zafi, a rage masa kasafin da zai kashe baɗi. Wanda hatsarin wani ko lalacewar titi ya lalata wa inji, a ba shi sabo ba tare da hukunci ba. Direban da ya fi kowa gudu ranar Asabar kuwa, FIA ta bar shi ya tashi a gaba ranar Lahadi.