Ankon Gwaggo da masaƙar Amurka

Da na samu ɗakin haya a Lowell, wani gari a jihar Massachusetts ta Amurka inda nake karatu, sai na tsaya gaban ginin na ɗauki hoto na tura zauren WhatsApp na gidanmu. Gini ne na jan bulo, hawa biyar, tagogi reras, ga dogon bututun hayaƙi ya tokare sama.

Kawu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masaƙa a Kakuri ta Kaduna har aka rufe ta, shi ya fara turo saƙon murya: "Alhamdu lillahi! Wannan masaƙa ce, ko daga barci aka tashe ni na san ta. Yaro ya gaji kawunsa!"

Kuma bai yi ƙarya ba. Masaƙa ce, sai dai tun kafin a haifi Kawun aka kwashe injunan, daga baya aka yanka ta ɗaki-ɗaki ana ba irinmu haya. Garin ma ɗungurungum don saƙa aka kafa shi a shekarun 1820, a bakin kogin Merrimack inda ruwa ke gangarowa ƙafa 32. Aka haƙa magudanai kusan mil 6 a cikin gari, ruwan ya riƙa juya injuna. Daga shekarun 1920 kamfanoni suka fara tattara komatsansu zuwa kudu inda ladan ma'aikaci ke da araha. Duk na zauna na rubuta wannan tiryan-tiryan. Ba wanda ya karanta. Gwaggo ta riga ta shigo: turmi goma sha biyu na atamfa take so, ankon bikin autarta, "tunda kana bakin inji, a farashin kamfani."

Sai dabara ta faɗo mini. Akwai tsohuwar masaƙar Boott da aka mayar gidan tarihi, a ƙarƙashin hukumar da gwamnati ta kafa wa garin a 1978. Na ce bari in je in kira su ta bidiyo, su ga da idonsu cewa masaƙun nan sun zama abin kallo.

A bakin ƙofa aka miƙo mini abin toshe kunne. Ashe a ɗakin saƙar akwai injuna 88 na shekarun 1920, kuma ana kunna wasu don baƙi su ji yadda abin yake a da. Ina danna kira, Kawu na ɗauka, injuna na ruri. Ƙasa na rawa, ƙoshiya na kai da komo cikin zare, ni kuwa ina ta ihu: "Kawu, gidan tarihi ne! Ba a aiki!" Ko kaina ban ji ba. Na ɗaga hannu ina alamar a'a, gida kaf suka ɗago hannu suna mayar mini da gaisuwa. Can ga ma'aikacin wurin ya gifta cikin kaki da faffaɗar hula. Gwaggo ta cusa fuska a wayar, na karanta a leɓenta: "Manajanku ne? Durƙusa ka gaishe shi mana!"

Na fito jiki a sanyaye na bi sauran ɗakunan. Nan na ga labarin 'yan matan ƙauye da suka fara aikin: ƙararrawa ta tashe su da asuba, su yi wajen awa 13 a tsaye, ƙarfe 10 na dare a kulle gidan kwanansu. 'Yan Ireland su suka haƙa magudanan, sannan masu jin Faransanci daga Kanada suka kwararo, da Girkawa, da mutanen Fotugal da Poland, kowa da unguwarsa da cocinsa. Na tabbata kowannensu ya bar wata gwaggo a gida tana jiran yadi.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Kambodiya cikin waɗanda suka cika garin a shekarun 1980 bayan tserewa daga mulkin Khmer Rouge, ta yi dariya har da hawaye da na ba ta labari. Shawararta gajeriya ce: dangi ba a yi musu bayani, aike ake yi musu.

Na koma kantin gidan tarihin. Abin da injunan ke saƙawa ɗan ƙyalle ne da ake sayarwa na goge kwanuka. Na sayi biyu na ba wani mai tafiya Kano. Atamfa kuwa, kuɗin abincina na tura wa ƙanena ya shiga Kantin Kwari a ɓoye ya sayo turmi goma sha biyu, aka haɗa a jaka ɗaya. Ranar biki Gwaggo ta riƙa zagayawa tana cewa a taɓa a ji, kayan Amurka daban ne. Ƙanena ya ce rubutun bakin zanen na Sin ne, na ce ya rufe mini baki.

Kawu shi ƙyallen ya riƙe. Ya ɗaga shi a rana, ya ja, ya shinshina, ya ce akoko ne, kuma zaren tsaye ya yi sako-sako, alamar ba su da ƙwararren makaniki. Jiya ya turo mini takardar shaidar aikinsa ta Kakuri, ya ce in kai wa mai hular nan hannu da hannu, kuma in gaya masa ba ya aikin dare.