Wai In Ina Son Jin Daɗi In Sayi Tawa Motar

Yau kam an kai ni bango wallahi. Shekara da shekaru ina hawa bas daga Rijiyar Lemo zuwa Bata a nan Kano, na sha hayaƙi na sha matsi, ƙusar kujera ta ci min wando ya fi a ƙirga, ban taɓa ɗaga murya ba. Amma na yau ya tsaya min a wuya.

Hayis ce irin wadda kuka sani, ƙofa da igiya aka ɗaure ta, galan ɗin mai a gefen direba da tiyo a ciki, in ka sunkuya kana hango kwalta na gudu ta ƙasan ƙafarka. An cusa mu huɗu-huɗu a kujerar mutum uku, kwandasta na lilo a bakin ƙofa yana ta "a matsa Hajiya, a matsa", a matsa zuwa ina? Na miƙa masa dubu ɗaya ya ce ba canji sai an sauka. To. Muna wuce Kurna mota ta yi tari biyu ta mutu, direba ko a jikinsa ya ce maza a taimaka. Muka sauka muka tura, ni da farar shaddata da na karɓo daga wajen mai guga jiya jiyan nan. Ta tashi, ba ta kai Ƙofar Ruwa ba ta sake macewa, wannan karon har da hayaƙi.

Na ce da yaron, yaro fa, wallahi na haife shi, na ce samari ba ni kuɗina in nemi wata. Bai ko kalle ni ba, yana ta jera kuɗi a tsakanin yatsu. Na maimaita. Sai ya zaro ɗari biyar duk ta yage an manne ta da salatif ya cusa min a hannu. Na ce sauran fa, ai ko rabin hanya ba mu yi ba, kuma ni na tura motar. Ya ɗago a hankali ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce "Baba man da muka ƙona zuwa nan ruwa ne? In kana son jin daɗi ka sayi taka motar mana."

In sayi tawa motar. Allah sarki, ashe shawarar da na rasa kenan duk shekarun nan, sai yau Allah ya haɗa ni da masanin tattalin arziki mai silifas wari da wari. Na gode ranka ya daɗe, gobe da sassafe zan leƙa wajen dillalai da ɗari biyar ɗinka mai salatif.

Abin da ya fi ƙona min rai mutanen cikin motar ne. Kowa "yi haƙuri Malam", "bar shi da halinsa Malam". Ba wanda ya ce wa yaron kanzil. Haƙurin nan shi ya kashe mu, shi ya sa ake loda mu kamar buhunan albasa.

Kuma in za a faɗi gaskiya yaron ma shi ne ƙaramin mai laifi. An hana acaɓa a Kano tun 2013, me aka kawo a madadinsa? Aka bar mu da adaidaita sahu da waɗannan gawarwakin. An yi ta mana kirarin jirgin ƙasa na cikin gari, a hoto kawai muka gan shi. Aka zo 2023 rana ɗaya aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai ɗari biyu ba ta haura ɗari biyar, daga baya har ta tsallake dubu, kuɗin mota ya bi ta, motar kuwa ita ce dai ta jiya da igiyarta. Gadar sama kam an yi mana, sai dai masu gilashi mai duhu ke shawagi a kai, mu muna ƙasa muna turi.

Na isa wajen aiki goma ta wuce. Rigar ma tana nan jiƙe a bokiti, baƙin man ya ƙi fita, uwargida ta ce sai dai a gwada kananzir.